Tumatir da attarugu a bayan ɗakin girkina, daga Oktoba zuwa Afrilu

Lahadi, 6 ga Oktoba 2024

Yau na share filin da ke bayan ɗakin girki, inda muka yi kuɓewa da damina. Na auna shi da ƙafata, taku tara a tsaye, huɗu a kwance. Rana tana samunsa tun daga hantsi har la'asar, sannan inuwar katanga ta rufe shi.

Abin da ya sa na ɗaura niyyar shuka tumatir da attarugu a nan, a watan Agusta na shiga kasuwa da sefa 500 na fito da tumatir guda shida, biyu a ciki sun fara ruwa. Mai tumatir ya ce kada in ga laifinsa, da damina daga Fumbot ake ɗauko shi can kudu, ya kwana a mota ya bi ta Ngaundere kafin ya sauka nan Garwa, a arewacin Kamaru. Tun ranar abin ya tsaya mini a rai. Azumin bana zai kama a farkon Maris, ina so in Allah ya kai mu miyar shan ruwa ta fito daga cikin gidan nan.

Da la'asar na je wurin Kawu a lambunsa na bakin Binuwai. Ya fi shekara talatin yana noman rani a wurin. Na faɗa masa, ya yi shiru yana gyara bakin fangali, can ya ce, "Ɗiyata, tumatir ɗan hunturu ne. In kika bar Oktoba ta fita ba ki zuba iri ba, zafin Maris zai tarar da shi yana fure, furen kuwa ba zai zauna ba. Attarugu shi ba ya son gaggawa, sai kin yi haƙuri da shi." Ya ba ni irin barkono a ƙulle cikin takarda.

Laraba, 9 ga Oktoba

Buhu uku na kashin awaki daga gidan maƙwabta, sefa 500 kowanne. Na cusa hannu har gwiwar hannu kamar yadda Kawu ya ce in yi. Biyu sun yi sanyi, sun yi baƙi, ba wari. Na ukun akwai ɗumi a ciki, bai gama ruɓa ba, na zube shi a kusurwa na yayyafa ruwa na rufe da tsohon buhu.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Malam ya je kasuwar Pitowa ya taho mini da zana biyu, 1,500 kowace, don kaji da awaki. Ya ce a hanya ya ga mutane a baƙar ƙasa suna ta dashen masakwa, wato dawar rani, alamar damina ta tattara kayanta ke nan.

Irin tumatir jiya na saye shi a shagon kayan noma, Rio Grande, ƙaramar leda ta giram 5, sefa 1,000. Shi ne dogon nan mai tsoka da ƙarancin ruwa, ba ya saurin fashewa, kuma yana shanyuwa. Butar ban ruwa mai rariya a baki, wadda a nan muke ce wa arozuwa, 3,500. Attarugu ban saya ba. Inna ce ta zaɓi jajaye guda biyar masu ƙamshi tun satin da ya wuce, ta fafe 'ya'yan ta shanya a inuwa a kan faifai.

Na zuba su yau da yamma: tumatir a tsohuwar robar wanki, attarugu da barkono a jarka da aka raba biyu.

Asabar, 19 ga Oktoba

Tumatir ya tsiro, kwana shida. Robar ta cika fal kamar an shimfiɗa koren zane. Sauran shiru.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Yau raina ya ɓaci ƙwarai. Shekaranjiya da dare aka yi wani yayyafi na ƙarshen damina, robar tana waje. Jiya da safe na ga 'yan tsirrai a tsakiya sun kwanta, na ɗauka nauyin ruwan ne, na ce za su tashi. Da na fito yau bayan asuba, fiye da rabi sun zube. Na tsuguna na ɗago guda ɗaya da tsinke. Ganyensa biyu kore shar, ba abin da ya same su, amma daidai inda kara ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya zama kamar zare, ya yi ruwan ƙasa, ya jiƙe, kai ka ce an matse shi da farce. Duk waɗanda suka kwanta haka gindinsu yake.

Na aika yaro ya kira Kawu, ya biyo da azahar a kan kekensa. Bai ce komai ba sai da ya ɗaga robar ya leƙa ƙarƙashinta. Babu huji ko ɗaya. Ya dangwala yatsa a ƙasar, ruwa ya taso. Ya ce, "Sau nawa kike ba su ruwa?" Na ce safe da yamma, wani lokacin da rana in na ga saman ya bushe. Ya ce to ga shi nan, abu uku ne suka haɗu: ruwa ba ya fita, iri ya yi cunkoso iska ba ta ratsa shi, ga kuma takin da na cika. Fumfuna ce da ke zaune a cikin ƙasa, in ta sami danshi da ɗumi sai ta ci gindin tsiro tun yana ɗanye. Wanda ya kwanta ba ya tashi, ba kuma maganin da za a fesa ya dawo da shi.

Mun tsame guda goma sha ɗaya daga gefen robar inda ba su taɓu ba, muka mayar da su cikin ledojin ruwa da aka yanke baki, kowanne shi kaɗai. Sauran na zubar can nesa da filin. Allah ya sa rabin irin kawai na zuba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na sake zubawa. Wannan karon na soke gindin robar da ƙusa mai zafi, huji ya fi ashirin. Ƙasa kashi biyu, yashin kogi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Jiya na tafasa ruwa babbar tukunya na kwarara a kan haɗin na bar shi ya kwana ya tsane. Na ja layi da yatsa, tsakanin layi da layi faɗin tafin hannu, na jera irin ɗaya bayan ɗaya, na rufe da ƙasa kaɗan. Ruwa da safe kawai. Na huda jarkokin attarugu da barkono su ma. Barkono ya fara leƙowa tun ranar Alhamis, tashin hankalin tumatir ne ya hana ni rubutawa.

Mako biyu sun tafi. Maganar Kawu ta zafin Maris ce take ta dawo mini.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Tumatir na biyu ya fito a layinsa. Kuma yau, bayan kwana ashirin, attarugu ya tsiro. Har na yanke ƙauna, na ce wa Inna ko irin ne bai ƙosa ba. Ta ce in bar shi, haka halinsa yake. Guda bakwai na ƙirga da safe, da yamma sun kai goma sha biyar, kowanne ya fito a lanƙwashe da hular ƙwayarsa a ka.

Talata, 5 ga Nuwamba

Ƙadangaru sun cinye layi guda. Na ga jan gwada a bakin robar da idona. Na rufe duka da tsohon gidan sauro, na danne gefensa da duwatsu.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ni da babban yarona mun yi fangali huɗu, muka juye taki a ciki muka jiƙa tun jiya. Cikin goma sha ɗayan da aka tsamo, tara sun rayu, na dasa su bayan la'asar, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa kamu ɗaya, wajen santimita 45 ke nan. Na binne karan har kusa da ganyen farko, domin tumatir yana fitar da saiwa a jikin kara duk inda ƙasa ta taɓa. Na kafa musu reshen darbejiya ta yamma don inuwa.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Dashe na biyu, guda goma sha biyar. Jimla ashirin da huɗu. Ragowar tsirran na ba maƙwabciyata da ta sayar mini da taki.

Lahadi, 8 ga Disamba

Attarugu goma sha biyu da barkono takwas sun koma fangalinsu. Sati takwas suka yi a jarka amma attarugun bai wuce tsawon yatsa ba, sai dai ganyensa faffaɗa ne mai sheƙi. Na ba shi fili fiye da tumatir, kamu ɗaya da rabi, Kawu ya ce in ya girma buɗewa yake kamar lema.

Na sayi takin zamani kilo ɗaya, mai lamba 20-10-10, sefa 700. Murfin kwalbar lemo ɗaya ga kowane tumatir, a binne nesa da gindi da faɗin hannu, sannan a bi da ruwa. Attarugu sai ya kama ƙasa tukuna.

Alhamis, 12 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai. Yau ko dutsen Tingelin ba a hangowa saboda hazo. Ganye duk ya yi fari da ƙura, na wanke su da arozuwa da sassafe. Tumatir kamar jiran sanyin yake, karansa ya yi kauri, in na shafa shi ƙamshin nan nasa ya kama hannu har bayan na wanke. Attarugu ya tsaya cak.

Ruwa yanzu jarka uku a rana, lita 60. Na ajiye baho a inda ake alwala, da ruwan wankin shinkafa, duk can suke tafiya. Ruwan da aka sa omo ba na kai shi.

Lahadi, 22 ga Disamba

Kwana uku ke nan ina kallon wasu tumatir uku a fangalin da ke jikin katanga. Sabon ganyen samansu ya ƙanƙance, ya naɗe sama kamar cokali, gefensa ya yi ɗorawa, kuma sun daina tsawo, 'yan'uwansu sun bar su a baya. Da na girgiza ɗaya sai wasu fararen ƙwari ƙanana suka tashi kamar an busa toka. Na juya ganye, ga su nan manne a ƙarƙashi.

Na ɗauki hoto na tura wa ɗan yayata da ke karatun aikin gona a Marwa. Ya kira ni ya ce, "Gwaggo, farin ƙuda ne, amma tsotson da yake yi ba shi ne babbar matsala ba. Akwai ƙwayar cutar bairos da yake ɗauka daga mai ciwo ya kai wa mai lafiya. Wanda ya kamu ba ya warkewa. Ki tuge su yau, kada ki bari su kwana."

Tugewar ta yi mini wuya, don ɗaya har ya fara fure. Na rufe kowanne da leda kafin in ja shi, don kada ƙwarin su watsu, na kai su murhu. Saura ashirin da ɗaya.

Man darbejiya ƙaramar kwalba, sefa 1,000. Ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai ɗan ɗumi, da ɗan sabulu da aka narkar don man ya haɗu da ruwan. Ana fesawa dab da magariba, domin rana tana kashe ƙarfinsa, kuma in aka fesa da zafi yana ƙona ganye. Ƙarƙashin ganye ake nema, ba samansa ba. Da tsohuwar kwalbar feshin wanke gilashi nake yi. Duk bayan kwana biyar.

Lahadi, 29 ga Disamba

Akuya ta ture zana ta cinye kan barkono huɗu. Malam ya kafa sababbin turaku ya ɗaure da waya.

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Na kafa wa kowane tumatir sanda, na ɗaure da tsumman atamfa, sako-sako don kada ya shaƙe kara. Dashen farko ya yi 'ya'ya kamar ƙwan tantabara, na biyu yana ta fure. Da hantsi nakan bi ina ɗan ƙwanƙwasa sandunan, saboda furen tumatir kansa yake yi wa barbara, girgiza kaɗan yake so, a bayan katanga kuwa iska ba ta kaɗawa sosai. Barkonon da akuya ta ci ya fito da rassa biyu biyu, har ya fi waɗanda ba ta taɓa ba cika.

Asabar, 18 ga Janairu

Tun ranar Talata famfo ya ɗauke a unguwarmu, sai daren jiya ya dawo. Masu kura sun mayar da jarka sefa 100 daga 50, kuma sai ka yi sammako kafin ka samu. Gida na mutum tara, ga sha ga girki ga wanka. Jarka biyu kawai na iya ware wa lambu a rana, sefa 800 ke nan a kwana huɗu, alhali yanzu jarka huɗu yake sha. Da rana ganye ya yi laushi ya rataya, da dare ya ɗan farfaɗo. Da ruwa ya dawo na cika kowane fangali har baki, don in rama musu.

Alhamis, 23 ga Janairu

Ruwa ba ya tsami banza. Yau ina ɗaure reshe na ɗago wani tumatir mai girma, ta sama kore sumul, da na juya shi sai na ga ƙasansa, wajen da fure ya faɗi, ya yi baƙi ya lotsa ciki, a bushe kamar fatar da aka jeme. Faɗin kwabo. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, gabana yana faɗuwa. Talatin da huɗu na cire, kusan duka daga dashen farko, manyan da nake sa ran su fara nuna mako mai zuwa. Na yanka ɗaya, ba tsutsa, ba wari, baƙin ne kawai ya shiga ciki kamar rabin gaɓar yatsa.

Maƙwabciyata ta ce ciwo ne, in sayo maganin feshi irin wanda ake yi wa auduga. Wannan kam ban yarda ba. Maganin auduga ba na abin da za a ci ba ne, ga yara suna wasa a wurin suna tsinka suna kaiwa baki. Na san akwai masu yi, kuma abin yana damuna duk lokacin da na sayi tumatir na ga farin gari a jikinsa.

Na ɗebi guda biyar a leda na kai wa Kawu. Yana gani ya ce, "Ƙishirwa ce. Kin bar shi da ƙishi sannan kika shaƙe shi da ruwa." Ɗan yayata da na kira da dare ya ƙara mini bayani. Akwai sinadarin kalsiyam da ɗan tumatir yake bukata yana girma, kuma ba ya isa gare shi sai ta cikin ruwan da saiwa take ja. In ruwa ya yanke, ganye ne yake janye ɗan abin da ya samu, ƙarshen ɗan tumatir da ya fi nisa da kara ya rasa, naman wurin ya mutu. Ba ya yaɗuwa daga wannan zuwa wancan. Dogayen iri kamar nawa sun fi saurin yin haka. Kuma abin ba ya nunawa a ranar, sai bayan kwanaki, shi ya sa mutum ba ya haɗa shi da ƙishin da ya wuce.

Abin da na yi: na wanke tsohon duro na cika shi, ba a taɓa shi sai ranar da famfo ya ɗauke. Na shimfiɗa ɓawon gyaɗa a gindin kowane tsiro, kaurin yatsa uku, ban bari ya taɓa kara ba saboda gara. Ruwa kuma awo ɗaya, lokaci ɗaya, kullum bayan asuba. Da tun Disamba na yi wannan shimfiɗar, ina jin kwana huɗun nan ba za su yi mini wannan ɓarna ba.

Talata, 28 ga Janairu

Na farko sun nuna. Guda bakwai, ja wur. Na yi miyar dage-dage da su, na aika wa Kawu biyu.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Wani abu kuma ya ɓullo. A ganyen ƙasa akwai tabo fari, ba zane siriri ba, faffaɗa kamar an kankare koren an bar fata. Na ɗaga ganye ɗaya a rana, sai na hango ta a tsakanin fata biyun: tsutsa ƙarama, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, da baƙin kashinta a gefe. Na matse da yatsa. A 'ya'yan kuma wasu suna da ɗan huji a ƙarƙashin koren hular, kamar an soka allura.

Kawu ya san ta sarai. Ya ce ita ce manoman Kano suke kira sharon, wadda ta share gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016 har kwando ya gagari mutane. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifen a 2006, daga nan ta bazu har ta iso mu. Uwar ɗan ƙaramin malam buɗe littafi ne mai ruwan toka, da dare take yawo tana saka ƙwai. Wahalarta, tsutsar a cikin ganye take zaune, feshi ba ya samunta sosai, kuma cikin wata guda ta zama uwa ita ma.

A babbar gona ban san yadda mutum zai yi ba, amma tsiro ashirin da ɗaya hannu yana iya musu. Kullum da safe ni da yara biyu muna bi ganye ganye, duk mai tabo a tsinke a jefa a gwangwani, a juye a wuta. Ba a yar da shi ƙasa. Da dare ina ajiye faranti da ruwan sabulu, in ɗora ƙaramar fitila mai caji a kan bulo a tsakiya. Daren farko na ƙirga ashirin da shida suna yawo a saman ruwan, ƙanana kamar ƙaiƙayi. Na sayi kwalbar man darbejiya ta biyu, 1,000, na mayar da feshi duk kwana huɗu. Attarugu da barkono ba ta taɓa su ba zuwa yanzu.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Faranti ya koma biyar, shida a dare. Ba ta ƙare ba, amma ba ta fi ƙarfina ba.

Tumatir ya zo gaba ɗaya. Bokitin fenti guda nake cirewa duk bayan kwana biyu, ya fi abin da tukunya take ci. A kasuwa ma ya faɗi warwas, na bakin kogi ya fito, kashin sefa 100 ya ishi miya. Na zauna na yi tunani a kan wannan: lokacin da nawa ya nuna shi ne lokacin da na kowa ya nuna. Ribar mai lambun gida ba a Fabrairu take ba, sai in ya iya ajiye shi ya kai watan da babu.

Don haka muka fara kauɗa. Inna ce ta nuna mini yankan: a tsaye, gida biyu, babba gida huɗu, a barbaɗa gishiri kaɗan, a jera a kan zana cikin yana kallon sama. Mun ɗora a kan rufin kwano muka rufe da gidan sauron nan saboda ƙuda da ƙura. Da magariba a shigo da shi. Kwana biyar ya bushe, ya yi ja mai duhu, yana lanƙwasuwa ba ya ɗiga.

Attarugu ya farka. Tunda sanyin dare ya ragu ya yi tsawo har gwiwa, ga fararen furanni a kowace gaɓa. Barkono tuni ya yi 'ya'ya.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama, zafi ma ya kama. Abin da Kawu ya faɗa tun Oktoba ga shi ina gani. Furen da dashe na biyu ya yi a sama duk yana zubewa: wuyan furen ya yi ɗorawa, ka taɓa shi ya faɗo a hannu. In rana ta wuce digiri 35 kuma dare bai huce ba, garin furen lalacewa yake, ba ya ɗaurewa. Mako biyun da na rasa a robar wanki, a nan na biya su. Abin da ya riga ya ɗaure dai yana nuna, ƙanana, ana samun na miya.

Ban ruwa ya koma bayan sahur, kafin gari ya waye.

Laraba, 12 ga Maris

Attarugu na farko ya yi ja, wata biyar cif daga ranar da na zuba shi. Guda tara. Na jajjaga biyu a miyar shan ruwa, na sa ɗaya a ƙullin ƙosai. Inna tana daga ɗakinta ta ce, "Wannan ƙamshin na gidan nan ne." Na kasuwa da ya kwana uku a buhu ba ya yin haka. Na kai mata sauran a faifan da ta shanya irin.

Lahadi, 16 ga Maris

Na tuge tumatir, ya gama. A fangali biyu saiwar fara ce mai gashi, lafiya lau. Amma a ɓangaren da kuɓewa ta fi yawa da damina, saiwar duk ƙulu-ƙulu ce, kumburi a jere kamar carbi, wasu sun kai ƙwayar gyaɗa. Na murza, ba sa ɓallewa, a jikin saiwar suke. Sai yanzu na gane dalilin da ya sa tsirran wannan gefen suke riga kowa yin laushi da rana ko da ƙasa a jiƙe take, kuma 'ya'yansu ba su taɓa girma ba. Ɗan yayata ya ce wata tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, tana shiga saiwa ta toshe hanyar ruwa, kuma kuɓewa tana cikin abin da ta fi so. Tun kafin in dasa tana nan tana jira.

Na ƙone saiwar da karan duka. Na kafce wurin da zurfi na bar shi a buɗe, ranar Maris da Afrilu ta gasa shi, duk sati in sake juyawa.

Alhamis, 27 ga Maris

Zafi ya kai inda ya kai, jiya an ce ya haura digiri 40. Attarugu ya fara zubar da fure shi ma, wasu 'ya'yan da rana take duka sun yi farin tabo a gefe kamar an zuba musu ruwan zafi. Na sayi zana ta uku, 1,500, muka yi masa rumfa sama da kai, mai ratsin haske, daga azahar zuwa la'asar yana cikin inuwa. Ruwa safe da yamma. Barkono ko a jikinsa, na cire na shanya kwano guda.

Lahadi, 6 ga Afrilu

An yi Salla lafiya. Yau na zauna da littafin nan na haɗa lissafi. Taki 1,500, iri 1,000, zana uku 4,500, arozuwa 3,500, man darbejiya 2,000, takin zamani 700, ruwan kura 800, ƙarin da Malam ya ce ya gani a kuɗin famfo wajen 1,000 a wata har wata biyar. Sefa 19,000 ke nan. Zana da arozuwa suna nan don baɗi.

Tumatir bokitin fenti goma sha ɗaya na cira, ban da wanda ya lalace. Huɗu daga ciki aka shanya, suka koma manyan gwangwanayen madara biyu. Rabin azumi da ɗanyen tumatir na gida muka yi, sauran rabin da kauɗa, gwangwani ɗaya ko buɗe shi ban yi ba, na ajiye wa Agusta. Attarugu tun 12 ga Maris ban saya ba. Cikin goma sha biyu, goma suna tsaye a ƙarƙashin rumfa, Kawu ya ce in na riƙe su da ruwa har ruwan farko ya sauka a Mayu, in rage musu rassa in ƙara taki, za su sake fure su yi ta bayarwa har damina ta fita.

Fangalin mai ƙulu-ƙulu masara za ta shiga da damina, da rani kuma albasa. Ba kuɓewa, ba gauta ba yalo, su da tumatir da barkono duk abincin tsutsar nan ne. Tumatir zai koma gefen rijiyar da aka cike, inda ba a taɓa shuka komai ba. Zan zuba iri a makon farko na Oktoba, a ƙarƙashin rumfa, cikin roba mai huji, da gidan sauro tun ranar farko. Inna ta riga ta sa zare a jikin attarugu guda shida daga tsiron da ya fi kowanne 'ya'ya, ta ce kada wanda ya taɓa su sai sun yi laushi a jikin uwarsu.